Wai da gaske Nike sunan gunkiya ne? Muhawara kan tatsuniyoyin Girkawa da kayan wasanni

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo shi nan tunda muna da masu ilimi a cikinmu. Wasunku sun san sana'ata, kambas nake sayarwa da takalman ƙwallo da jesi, yawanci gwanjo, yau shekara goma sha ɗaya. Wani dattijo ne ya zo da jikansa. Yaron ya zaɓi wani baƙin but mai farar alamar Nike a gefe, ya gwada ya yi masa cif, har mun gama ciniki na sa a leda. Sai dattijon ya zaro ƙafa ɗaya, ya juya ta, ya bi alamar da ɗan yatsa, ya ce min, "Ɗana, ka san sunan wa kake sayarwa?" Na ce sunan kamfani ne, Baba. Ya ce a'a, sunan abar bautar Girkawa ne. Ya ajiye shi suka ɗauki Puma, wanda bai kai wancan ƙarko ba. Yaron har suka fita yana waiwaye. Don Allah gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya kai kamfanin takalmi ga gunki?

Malama Mai Tarihi:
Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Dattijon bai yi ƙarya ba. A harshen Girkanci kalmar na nufin nasara, su suna furta ta "Niki", Amurkawa su ce "Naiki", mu kuma a kasuwa mu ce "Naik". A tatsuniyoyinsu mace ce mai fikafikai, 'yar wani ƙato Pallas da kogin lahirarsu da suke kira Styx. 'Yan'uwanta uku ne: Ƙarfi, Tilas, da Kishi. Ka lura da wannan dangi, don zai yi mana amfani a gaba. Sun ce ta goyi bayan Zeus, babban abin bautarsu, a yaƙin da ya yi da ƙattan farko, shi ya sa ake sassaƙa ta tsaye a tafin hannunsa, ko a hannun 'yarsa Athena, tana miƙa kambi ga wanda ya ci.

Abin da ya fi burge ni shi ne dalilin fikafikan. Nasara ba ta zama wuri ɗaya, yau tana kanka gobe ta tashi. Mutanen Atina sun gane haka har suka yi wani gunkinta ba fikafikai a saman dutsen Akropolis, wai don kada ta tashi ta bar musu gari.

Batun kamfani kuwa, ba da wannan suna ya fara ba. A 1964 Phil Knight da tsohon kocinsa na tsere Bill Bowerman suka kafa Blue Ribbon Sports a jihar Oregon, suna shigo da takalman Onitsuka Tiger daga Japan suna sayarwa. Da suka tashi yin nasu a 1971 sai aka rasa suna. Knight ya so a sa Dimension Six, abokan aikinsa suka ƙi. Ma'aikacinsu na farko, Jeff Johnson, shi ya kawo Nike, aka ce a mafarki ya zo masa. Alamar kuma wata ɗaliba ce a jami'ar Portland State, Carolyn Davidson, ta zana, aka biya ta dala 35. Shi kansa Knight bai wani so ta ba da farko.

Baban Khalifa:
Dala 35? Ikon Allah. To alamar fa, fiffiken gunkiyar ne kamar yadda na ji wani ya faɗa?

Malama Mai Tarihi:
Haka mutane da yawa ke fassara ta yanzu. Amma an zana ta ne kafin a tsayar da sunan, abin da aka nema wurin ɗalibar shi ne zanen da zai nuna motsi da sauri. Daga baya aka ga ya dace da fiffike, aka haɗa su.

Almajirin Malam:
To ai magana ta fito fili. Malama, da bakinki kin ce abar bauta ce. Ni ban ga yadda mutum zai sa sunan abin da aka bauta wa koma bayan Allah a ƙirjinsa, ya shiga masallaci da shi, ya yi sujada ba. Ban ce kowa ya yi shirka ba, kar a ɗora min. Amma Musulmi yana da kishin tauhidi. In da kamfani zai fito da takalmi mai suna Lata ko Uzza, wa zai saya a cikinmu? Don kawai gunkin na Turawa ne sai mu kau da kai? Kuma kamfanin nan yana da tarihi. A 1997 sun fitar da wani takalmi da rubutun bayansa ya yi kama da sunan Allah da Larabci, sai da Musulmin Amurka suka tashi tsaye sannan suka janye shi suka ba da haƙuri.

Sadauki 10:
Ustaz Allah ya gafarta, wane wata aka haife ka a kalandar boko?

Almajirin Malam:
Maris. Me ya kawo wannan?

Sadauki 10:
Maris daga Mars ne, gunkin yaƙi na Romawa. Janairu daga Janus, mai fuska biyu. Yuni daga Juno. Kullum muna rubuta su a takardar asibiti da ta makaranta da katin ɗaurin aure. Ciwon idon nan da muke ce wa Apolo, daga kumbon Apollo 11 sunan ya zo, don annobar ta ɓarke a Ghana a 1969, shekarar da aka sauka a wata, shi kuma kumbon sunan gunkin Girkawa aka sa masa. Tsohuwata tana cewa "Apolo ya kama yaran nan", ba ta taɓa jin labarin wani Zeus ba. Ni a ganina kalma tana mutuwa ta bar fatarta. Wanda ya sayi Nike takalmi ya saya.

Almajirin Malam:
Akwai bambanci, ɗan'uwa. Sunan wata larura ce, hukuma ta ɗora mana, ba ni na zaɓa ba. Takalmi kuwa da ƙafata nake zuwa kasuwa, ga wasu birjik. Adidas daga sunan mai shi ne, Adi Dassler. Puma dabba ce, na ɗan'uwansa Rudolf. Reebok sunan wata barewa ce ta Afirka ta Kudu. Ba wanda ya tilasta ni.

Sadauki 10:
Na karɓi wannan, akwai bambanci. Amma ko a nan ai hukunci na malamai ne, ba ni ba, ba kai ba. Abin da na sani shi ne ayyuka suna tare da niyya.

Admin Abba:
Jama'a a bi a hankali. Wanda ke neman fatawa ya je wurin malaminsa da cikakken bayani, ga shi Malama ta ba mu. Nan mu tsaya kan abin da muka sani. Kuma a ci gaba da girmama juna kamar yadda aka fara.

Ɗan Kumasi a Bergamo:
Salam. Ni wannan hira ta zo min gida. Shekara tara ina aiki a wata masana'anta kusa da Bergamo a Italiya, kuma ƙungiyar garin, Atalanta, sunan wata mace ce daga tatsuniyar Girkawa. Ɗalibai ne suka kafa ta a 1907. Ku duba tambarin, kan mace ne gashinta na tashi a iska kamar tana gudu. Mutanen gari ba sa ma cewa Atalanta sosai, "La Dea" suke cewa, wato gunkiya, duk da cewa a labarin mutum ce.

Wani dattijo da muke aiki tare ya ba ni labarinta a lokacin cin abinci. Ubanta ɗa namiji ya so, da aka haife ta sai ya sa aka jefar da ita a dutse. Wata dabbar daji ta shayar da ita, mafarauta suka raine ta, ta tashi ba mai kamo ta a gudu. Ta ce ba za ta auri kowa ba sai wanda ya tsere mata, wanda ya kasa kuma a kashe shi. Samari suka yi ta mutuwa. Sai wani ya zo da tuffa uku na zinariya, suna gudu yana jefar da ɗaya-ɗaya, ita kuma tana tsayawa ɗauka, har ya riga ta.

Ranar 22 ga Mayu 2024 ina dandalin gari ana kallon wasan ƙarshe na kofin Europa a babban allo. Ɗan Najeriya Ademola Lookman ya ci wa Atalanta uku rigis a Dublin, aka doke Bayer Leverkusen da ta yi wasa 51 ba a ci ta ba. Tsofaffi na kuka, wani ya rungume ni yana ta kiran Najeriya, ban ma tsaya gaya masa ni ɗan Ghana ba ne. A daren nan ba wanda ya tuna da Girka. Amma sunan da suke ihu da shi nata ne.

Sadauki 10:
Ka ga abin da nake faɗa. Ajax ta Amsterdam ma sunan jarumin yaƙin Troy ne, tun 1900, kansa ne a tambarinsu. Akwai Heracles a Holan, akwai Aris a Girka, sunan gunkin yaƙi. Kanu da Finidi sun ci kofin zakarun Turai da Ajax a 1995, wa ya ce sun yi wa wani bauta?

Ɗan Damagaram:
Barkanku da hira. Ku ƙara da wannan: duk wanda ya ci lamba a gasar Olamfik ta bazara, hoton Nike ya rataya a wuya, ba ta kamfani ba, ita gunkiyar. Tun gasar Amsterdam ta 1928 take gaban lambar, a zaune, riƙe da kambi. Abin da ke bayanta a zanen ya yi kama da babban filin Romawa na birnin Rum, Girkawa suka yi ta ƙorafi, sai a gasar Atina ta 2004 aka sake zane, aka nuna ta tana saukowa cikin tsohon filin wasa na Atina. Mu a Nijar lamba biyu muke tunawa kullum: tagullar Issaka Daboré a dambe a Munich 1972, da azurfar Abdoul Razak Alfaga a taekwondo a Rio 2016. Shekara 44 tsakani. Duka biyun da hotonta. Haka zinaren 'yan ƙwallonku na Atlanta 1996 da na Chioma Ajunwa a dogon tsalle.

Tsohon Kofin Duniya ma, na Jules Rimet, ita ce ke ɗauke da shi a ka da fikafikanta. Brazil ta mallake shi a 1970, aka sace shi a Rio a 1983, har yau ba a gan shi ba.

Almajirin Malam:
Wallahi wannan ban sani ba. Abin ya fi yadda na zata zurfi. Bai sa na canza ra'ayi kan abin da zan saya da kuɗina ba, amma na gane ba a takalmi kaɗai yake ba.

Koci Ɗanlami:
Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba. Ni shekarata ashirin da shida ina horar da yara a filin unguwa, kuma ina ganin ba a nan gizo ke saƙar ba. Sunan bai dame ni ba kamar abin da ake sayarwa da sunan.

Kamfanonin nan sun shiga rumbun Girkawa sun ɗebi abin da zai sayar da kaya: fiffike, kambi, jarumi, nasara. Taken Nike tun 1988 ma'anarsa kai dai ka yi kawai. Yaro yana ganin talla a waya, mutum ya faɗi ya tashi, jini na zuba ya ci gaba, an nuna masa cewa jin ciwo rauni ne, hutu kuma lalaci. Ban ce ƙarya ne gaba ɗaya ba, ba a cin nasara a kwance. Amma ni nake ganin abin da ke biyo baya.

Ina da wani yaro, ba zan faɗi sunansa ba, ɗan gaba ne, shekara 17. Ban taɓa horar da mai saurinsa ba. Ya fara kukan bayan ƙafa, daidai agara, musamman da safe in ya sauko daga gado. Na ce ya huta wata guda. Sai wani dillalin 'yan wasa ya zo da labarin gwaji, za a ɗebi yara a kai waje. Yaron ya ɓoye min, ya je wani kemis aka yi masa allurar kashe zafi, ya ɗaure ƙafar ya shiga. Ina bakin fili. Minti kamar ashirin da fara wasa ya zabura zai bi ƙwallo, sai muka ji ƙara kamar an karya busasshen kara. Ya juya yana neman wanda ya shure shi ta baya, babu kowa kusa da shi. Ya zauna a ƙasa yana kallona. Sabon but ne a ƙafarsa, uwarsa ta sayar da akuya biyu ta saya masa don wannan rana. Ni na cire masa shi. Dillalin ko sannu bai tsaya yi ba. Yau shekara uku, yaron yana tuƙa adaidaita sahu, yana ɗan ɗingishi.

Anti Likita:
Innalillahi. Koci, Allah ya saka maka, Allah ya ba shi lafiya. Yadda ka kwatanta haka yake, kusan duk wanda agararsa ta tsinke zai ce maka ji ya yi kamar an doke shi ta baya. Ita ce jijiya mafi kauri a jikin mutum, tana haɗa tsokar sha-raɓa da ƙashin dunduniya, amma jini ba ya isar tsakiyarta sosai, shi ya sa warkewarta ke da nawa. Ko da an yi tiyata mai kyau, ɗan wasa kan yi wata shida zuwa shekara kafin ya dawo. David Beckham ita ta tsinke masa a Maris 2010 yana AC Milan, ta hana shi Kofin Duniya na Afirka ta Kudu. Wannan ciwon safe da yaron ya fara ji, jiki ne ke gargaɗi. Allurar kashe zafi ba ta gyara komai, bakin mai gargaɗin kawai take rufewa.

Kuma ga abin da ya haɗa mu da hirar: a likitance da sunan Achilles ake kiran wannan jijiya, jarumin Girkawa.

Malama Mai Tarihi:
Na gode Anti, nan nake son zuwa. Koci ya faɗi gaskiyar da ta fi duk abin da na rubuta a sama. Girkawa ba su taɓa ba da labarin nasara shi kaɗai ba, kullum da wutsiyarsa.

Achilles uwarsa ta riƙe shi ta dunduniya ta tsoma shi a kogin Styx don kada makami ya kama shi. Ku tuna wannan kogi shi ne uwar Nike. Duk jikinsa ya tsaru sai inda ta riƙe, kuma nan kibiya ta same shi a yaƙin Troy. An ba shi zaɓi tun farko, ko doguwar rayuwa ba suna, ko gajeriya da suna har abada. Ya zaɓi suna. Amma a cikin labaran nasu, da wani ya same shi a lahira yana yaba masa, sai ya ce gara ya zama ɗan ƙodago a gonar talaka yana raye da ya zama sarkin matattu. Wannan ɓangaren ba ya shiga talla.

Icarus ubansa ya yi masa fikafikai da gashin tsuntsu da kakin zuma don su tsere daga tsibirin Crete. Ya ce masa kar ka yi ƙasa ruwan teku ya jiƙa su, kar ka yi sama rana ta narkar da su. Daɗin tashi ya ɗebe shi ya yi sama, kakin ya narke, ya faɗa teku uban yana kallo.

Ko Milo na Croton, wanda shi mutum ne na gaske, ɗan kokawa da ya ci Olamfik sau shida. Masu ɗaga ƙarfe suna son labarinsa, wai kullum yana saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa har ya zama bijimi yana ɗauka. Darasi ne mai kyau, a ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Amma ƙarshensa fa? Sun ce ya tsufa bai yarda ya tsufa ba, ya tarar da kututturen itace da aka fara tsagawa, ya ce zai ƙarasa da hannu, itacen ya matse hannayensa, namun daji suka same shi a nan.

An ɗauki dokin, an bar linzamin a Girka.

Sadauki 10:
Malama, na ji daɗin labaran, amma bari in ja da ke kaɗan. Yaron Koci bai san Icarus ba, bai san Achilles ba. Ronaldo ya sani da Mbappé. Abin da ya ɗaga Nike ba gunkiya ba ce, ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan ne da suka ɗauka a 1984. Rigar Super Eagles ta 2018 da aka yi ta layi a kanta a Landan, wadda Ahmed Musa ya ci Iceland biyu da ita, kyanta ne ya sayar da ita. Ina ganin muna ba tatsuniya ƙarfin da ba ta da shi.

Malama Mai Tarihi:
Ban ce yaro yana karanta tatsuniya kafin ya sayi takalmi ba. Abin da aka aro shi ne ƙirar. Girkawa suna da wani matsayi tsakanin mutum da abin bauta, shi ne jarumi: mutum ne, amma ya wuce mutane, ana yi masa mutum-mutumi, ana rera masa waƙa. Dubi tambarin Jordan, mutum a sama ƙafafu a buɗe kamar ba zai sauko ba, kuma sunan takalmin, Air Jordan, da iska ya fara. Me ya rage in ba fikafikai ba?

Har mawaƙan ma suna da su. Pindar sana'arsa ke nan, wanda ya ci gasa ko iyalinsa su biya shi, ya tsara waƙa ya danganta shi da Heracles ko wani jarumi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ji makaɗi na zuga ɗan dambe har tsikar jikinsa ta tashi ya fita neman kisa, ya san wannan aiki. Kamfanin talla na yau shi ne makaɗin, sai dai shi ba ɗan wasa yake zugawa kaɗai ba, har da mai kallo, don ya saya.

Ɗan Damagaram:
Wannan haka yake. A kokawar takobi tamu ma in ba kiɗa da kirari, rabin ƙarfin ya tafi. Amma Malama, su na da ai don ganye suke yi, ba don kuɗi ba. Ba nan bambancin yake ba?

Malama Mai Tarihi:
A filin Olympia kam kambin ganyen zaitun kawai ake bayarwa. Gasar Olamfik ta farko da aka rubuta ita ce ta shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wadda wani mai dafa abinci, Koroibos, ya ci a tseren mita kusan 192. Amma in ya koma gida fa? A Atina dokar Solon ta ba wanda ya ci Olamfik dirakma 500, kuma akwai cin abinci kyauta a gidan hukuma. Inda kuɗi da suna suka shiga, maguɗi ma ya shiga. A 388 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka kama wani ɗan dambe, Eupolos, ya ba abokan karawarsa cin hanci. Abin da suka yi shi ne suka ci su tara, suka ƙera gumakan Zeus na tagulla da kuɗin, suka jera a hanyar shiga fili, da rubutu a gindi. Duk ɗan wasan da zai shiga sai ya ratsa ta gabansu. Gindin gumakan na nan jere har yau.

Wani abu kuma, 'yan wasansu ba sa sa tufafi ko takalmi a fili, man zaitun suke shafawa. Matan aure ma ba a barinsu su kalla.

Koci Ɗanlami:
Wannan jerin gumakan da aka ƙera da kuɗin tara ya tsaya min. A ce kafin yaro ya ga kambi, sai ya fara ganin sunan waɗanda suka yi maguɗi. Mu yanzu a bakin fili allon talla ne. A 2019 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta Amurka ta dakatar da Alberto Salazar shekara huɗu, kocin sansanin 'yan tsere da Nike ke ɗaukar nauyi a Oregon, kamfanin ya rufe sansanin. Ɗan tseren keke Lance Armstrong ma sun yi shekaru suna tallata shi a matsayin wanda ya kayar da ciwon daji ya kayar da duniya, sai 2012 suka rabu da shi. Yarana ba wanda ya san waɗannan, amma duk sun haddace tallar.

Maman Ilham:
Ni abin da na lura, Nike mace, Atalanta mace, amma mata a waje suke. Kuma abin bai gama wucewa ba. Allyson Felix, 'yar tseren Amurka mai tarin lambobin zinare, ta fito a 2019 ta faɗi yadda aka nemi rage mata kuɗin kwantiragi bayan ta haihu. Surutu ya yi yawa har kamfanin ya gyara ƙa'idarsa ga masu juna biyu, ita kuma ta kafa nata kamfanin takalmi. A ɗaya gefen, su ne suka fitar da hijabin wasanni a 2017, kuma 'yata da ke gudu a makaranta irinsa take sawa, na tela ne ya kwaikwaya. Ban san ko in gode musu ko in ce kasuwa suka gani ba. Wataƙila duka biyun.

Ɗan Kumasi a Bergamo:
Maman Ilham, labarin tuffan zinariya ya dawo ke nan. Ba gudu aka fi ta ba.

Sadauki 10:
To amma kar mu mai da buri laifi. Eliud Kipchoge ya yi gudun famfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a Oktoban 2019, abin da aka ce ɗan Adam ba zai iya ba. Na kalla kai tsaye, na yi hawaye. In ba irin wannan zugar, wa zai gwada? Shi kansa tseren daga labarin Girkawa ya fito, ɗan aiken da ya taho da gudu daga Marathon zuwa Atina ya ce mun yi nasara.

Anti Likita:
Ya faɗa, sannan ya faɗi ya mutu. Ƙarasa labarin, ƙanena.

Sadauki 10:
Haka ne Anti, na yarda.

Koci Ɗanlami:
Ba na ƙin buri, Sadauki. Wanda ba shi da buri ba ya zuwa fili ƙarfe shida na safe cikin hunturu. Kipchoge gwani ne na gaske. Amma gudun nan ba a sa shi a kundin tarihi na hukuma ba, saboda masu ja masa gaba 41 ne suna karɓa-karɓa, ga mota a gaba tana haska masa layi, ga takalmi na musamman mai farantin kabon a ciki. Bayan 'yan watanni hukumar tsere ta duniya ta sa doka kada tafin takalmin titi ya wuce milimita 40. Kuma mutumin nan shekara da shekaru yana horo a Kaptagat ta Kenya, yana barci a kan lokaci, yana da likita da mai tausa. Yaro yana ganin takalmin, ba ya ganin sauran.

Ni wanda nake ba yarana labarinsa shi ne Abebe Bikila na Habasha. A Rum, 1960, ya ci zinaren famfalaki ba takalmi a ƙafarsa, da dare, a kan duwatsun tsohon titi. Bayan shekara huɗu ya sake ci a Tokyo, wannan karon da takalmi. Ƙafar ce dai.

Almajirin Malam:
Koci, Allah ya ƙara girma. Na shigo da magana ɗaya, zan fita da biyu. Ina nan kan bakana game da sunan, zan kuma kai wa malaminmu tambayar yadda Malama ta warware ta, har da batun watanni da Sadauki ya kawo, in ya amsa zan dawo muku da abin da ya ce. Amma abin da ka faɗa na ɗaukar ɗan wasa kamar wanda ba ya karyewa, shi ma abin tsoro ne ga aƙida, ko da sunan takalmin Puma ne.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta komai sau biyu. Ustaz, ina jiran amsar malam, don ina da kusan rabin dila na kayan nan a shago, jarina ne, ba zan yanke hukunci da ka ba. Kafin nan duk wanda ya tambaye ni ma'anar sunan zan gaya masa gaskiya, ya zaɓa da saninsa. Dattijon nan ma in ya dawo zan ce masa ya yi daidai a tarihin.

Koci, yaron nan naka, har yanzu yana jin ciwon? Akwai kambas masu taushin dunduniya da ke zuwa a dila, waɗanda masu ciwon ƙafa ke nema. In ka turo min lambar ƙafarsa ta akwatin sirri zan ware masa ɗaya, ba sai ya biya ba.

Anti Likita:
A haɗa da ni. Koci, ka tambaye shi ko an yi masa tiyata a lokacin ko ɗauri kawai aka yi, kuma ko yana iya tsayawa a kan yatsun ƙafar ita kaɗai. In ba ya iyawa, akwai motsa jiki da zan rubuta masa, kuma ya kamata a sake duba shi. Shekara uku ba ta yi latti ba.

Koci Ɗanlami:
Ɗauri aka yi, kuɗin tiyata bai samu ba. Yana sa 43. Zan same shi a tasha gobe bayan la'asar in sha Allah, sai in kira ki yana kusa ku yi magana.